Tarihin Al'adar Farfaɗo da Tsohuwar Akori-kura Tsakanin Uba da Ɗa a Amurka

A ƙauyuka da ƙananan garuruwa da unguwannin bayan gari na ƙasar Amurka akwai wata al'ada da ta yi jijiya, wadda ita ce uba da ɗansa su sayi tsohuwar akori-kura da ta daɗe da daina aiki, ko su jawo wadda kakan gidan ya bari a rumfar gona, su shafe shekara biyu ko uku ko fiye suna kwance ta suna sake ɗaura ta a garejin gida har ta koma kan titi. Akori-kura ita ce ƙaramar motar ɗaukar kaya mai kai a gaba da buɗaɗɗen bodi a baya, irin wadda aka saba gani a ƙasar Hausa ƙirar Peugeot 404 da 504, sai dai ta Amurka ta fi girma da faɗi da shan mai. Abin da ake nufi da farfaɗowa kuwa ya wuce gyaran yau da kullum da ake yi wa motar neman abinci, domin aiki ne na mayar da mota yadda ta fito daga kamfani, ko kusa da haka, tun daga shasi har zuwa fenti, alhali masu yin aikin suna da wata motar da suke hawa. Al'adar ba ta kai daɗewar da ake zato ba, domin ba ta bayyana sosai ba sai a rabin ƙarshe na ƙarni na 20, kuma tarihinta yana nuna cewa ta taso ne a daidai lokacin da ilimin gyaran mota ya daina zama dole ga mutumin karkara, sai iyayen da suka tashi da wannan ilimi suka nemi hanyar da za su miƙa shi ga 'ya'yansu da gangan.

Manoma ne suka fara ƙera akori-kura kafin kamfanoni su waye da ita. Bayan fitowar motar Ford ƙirar Model T a shekarar 1908, wadda aka ƙera fiye da miliyan 15 kafin a daina yin ta a 1927, mutanen karkara sun riƙa cire kujerar baya suna kafa akwatin katako a gurbinta domin ɗaukar buhunan hatsi da garewanin madara zuwa kasuwa. Kamfanin Ford ya fitar da Model TT a 1917, wadda ke ɗaukar tan ɗaya, amma inji kawai ake sayarwa da shasi, wato gindin ƙarfen da sauran sassan mota ke zaune a kansa, mai saye shi ne zai nemi kafinta ko maƙeri ya yi masa kai da bodi, kuma haka Chevrolet ya yi lokacin da ya shiga wannan kasuwa a 1918. Sai a 1925 ne Ford ya fara sayar da cikakkiyar akori-kura da aka haɗa tun daga masana'anta a kan dala 281, aka kuma sayar da fiye da 30,000 a shekarar farko. Saboda haka tun asalinta mota ce da mai ita ke sa hannu wajen ƙarasa ta, kuma wannan ɗabi'a ta bi ta har zuwa yau.

A wancan zamani babu wanda ke kallon gyaran mota a matsayin abin nishaɗi. A shekarar 1935 Amurka tana da gonaki kimanin miliyan 6.8, adadin da bai taɓa wuce haka ba a tarihinta, kuma kusan gona ɗaya ce kawai cikin goma ke da wutar lantarki. Manomin da motarsa ta mutu a tsakiyar girbi, ga gari da nisa, ga karayar tattalin arzikin da ta soma a 1929 ta hana kuɗi zama a hannun jama'a, ba shi da zaɓi illa ya buɗe bonet da kansa. Kamfanoni ma sun san haka, shi ya sa ake sayar da Model T tare da 'yar jakar kayan aiki mai ɗauke da sifana da filaya da sukundireba. Yaron gidan yakan soma da riƙe fitila da miƙo sifana, sannan a ba shi wankin fulogi da canjin baƙin mai, kafin ya balaga ya iya kwance kan inji, ba tare da wani ya taɓa zaunar da shi da sunan darasi ba. Gwamnati ta ƙarfafa wannan ta hanyar dokar Smith-Hughes ta 1917, wadda ta ware kuɗin tarayya domin koyar da noma da sana'o'in hannu a makarantun sakandare, sannan ƙungiyar matasan manoma ta FFA da aka kafa a 1928 ta mayar da gyaran injunan gona wani ɓangare na horon da take bai wa samari.

Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara wa wannan ilimi yawa da zurfi. A watan Fabrairun 1942 aka dakatar da ƙera motocin farar hula domin masana'antu su koma yin kayan yaƙi, lamarin da ya tilasta wa waɗanda ke gida su yi ta lallaɓa tsofaffin motocinsu har yaƙin ya ƙare, yayin da rundunar soja ta horar da ɗimbin samari aikin kanikanci domin kula da motocinta. Da aka dawo gida, kamfanoni suka gaggauta fitar da sababbin akori-kura tun kafin su sabunta motocin shiga, saboda manoma da 'yan kwangila sun fi kowa matsuwa. Dodge ya fitar da Power Wagon a 1946, wadda ya samo daga motocin da ya yi wa soja, Chevrolet ya fitar da jerin da ake kira Advance Design a 1947 ya ci gaba da yin sa har 1955, Ford kuma ya soma jerin F da F-1 a 1948, ya biyo da F-100 a 1953. Waɗannan motoci masu kumburarren madigadi da zagayayyen kai, tare da Chevrolet C10 ta shekarun 1967 zuwa 1972, su ne har yanzu aka fi nema domin farfaɗowa.

Dalilin da ya sa waɗannan ƙirar suka dace da koyarwa yana cikin yadda aka gina su. Kai da bodi a ɗaure suke a kan shasi da noti, ta yadda mutum biyu ko uku da jak da kaca za su iya ɗage su a ajiye gefe, komai na motar ya fito fili. Injin Chevrolet mai silinda shida a jere, wanda asalinsa ya koma 1929, yana zaune a cikin fili mai faɗin da hannu ke kaiwa ko'ina ba tare da an kwance wani abu ba. Kafireto, wato na'urar da ke gauraya fetur da iska kafin su shiga inji, ana iya kwance shi a kan tebur a wanke a mayar cikin yini guda, kuma wutar da ke zuwa fulogi kwantak ne ke sarrafa ta, wasu ƙananan ƙarafa biyu da ke buɗewa da rufewa, waɗanda ake daidaita tazararsu da siririn ma'auni. Wayoyin motar gaba ɗaya ba su fi a zana su a shafi ɗaya ba, kuma batirinta mai bolt 6 ne kafin a koma bolt 12 a tsakiyar shekarun 1950. Yaro ɗan shekara goma sha uku zai iya bin hanyar mai da yatsa daga tanki zuwa famfo zuwa kafireto, ya ga dalilin kowane abu da idonsa, kuma wannan shi ne babban abin da ya bambanta waɗannan motoci da na yau.

Daga shekarun 1950 rayuwar da ta haifi wannan ilimi ta soma canzawa da sauri. Tarakta da manyan injuna sun rage buƙatar hannu, ƙananan gonaki suka riƙa narkewa cikin manya, har adadinsu ya faɗo ƙasa da miliyan 3 kafin 1970, ya kuma tsaya a wajen miliyan 2 a 'yan shekarun nan. 'Ya'yan manoma suka koma birane da sababbin unguwannin bayan gari, inda kusan kowane gida ke da gareji a jikinsa, suka kama aikin ofis ko na masana'anta mai hutun ƙarshen mako. Ita ma akori-kurar ta bi su, ta canza kama: Chevrolet ya fitar da Cameo Carrier a 1955 mai santsin bodi kamar motar shiga, a shekarar da ya kawo ƙaramin injinsa mai silinda takwas, daga baya kuma aka riƙa ƙara mata kujeru masu laushi da rediyo da na'urar sanyaya iska. Wata rigimar ciniki ta taimaka wa kamfanonin cikin gida ta hanyar da ba a yi tsammani ba, domin bayan ƙasashen Turai sun ɗora haraji a kan kajin Amurka, Shugaba Lyndon Johnson ya rama da harajin kashi 25 cikin ɗari a kan ƙananan motocin kaya na waje daga Janairun 1964, harajin da har yanzu yana aiki. Sakamakon haka ƙirar gida 'yan kaɗan ne suka cika ƙasar da miliyoyinsu, jerin F na Ford ya zama akori-kurar da aka fi saye tun daga 1977, kuma wannan yawa shi ne ya sa tsofaffinsu da kayan gyaransu ba su taɓa yankewa ba.

Sha'awar adana tsofaffin motoci ta riga ta akori-kura tsayuwa da ƙafafunta. An kafa ƙungiyar Antique Automobile Club of America a birnin Filadelfiya a 1935, kuma babban taronta na watan Oktoba a garin Hershey na jihar Fensilbaniya, wanda ya soma a 1955, ya zama wata gagarumar kasuwar tsofaffin kayan gyara inda mutum kan yini yana bin rumfuna domin neman mariƙin ƙofa guda. A 1954 Ernest Hemmings ya fara buga wata 'yar takarda a garin Quincy na jihar Illinois domin tallata kayan tsofaffin motocin Ford, wadda ta girma ta zama mujallar Hemmings Motor News, inda masu saye da masu sayarwa ke haɗuwa shekaru da dama kafin zuwan intanet. Sai dai masu wannan sha'awa na farko motocin alfarma da na kafin yaƙi suka fi damuwa da su, akori-kura kuwa ana ganin ta a matsayin kayan aiki da ake mora har ta mutu a jefar a bayan rumbu. Kallon ya soma sauyawa a shekarun 1970, lokacin da aka kafa American Truck Historical Society a 1971 domin adana tarihin motocin kaya, aka kuma buɗe kasuwar tsofaffin kayan gyara ta garin Carlisle a 1974 musamman domin motocin bayan yaƙi. Wannan raini na farko ya zama alheri ga talaka, domin tsohuwar akori-kura ta daɗe tana da arhar da ma'aikacin masana'anta ko malamin makaranta zai iya saye, a lokacin da motocin alfarma suka riga suka fi ƙarfinsa. Da masu nema suka yi yawa, sai kamfanoni irin su LMC Truck na jihar Kansas suka shiga sayar da sababbin kwafin tsofaffin sassa ta hanyar littafin talla da gidan waya, har ta kai ana iya samun kusan kowane yanki na C10 sabo fil.

Abubuwa biyu ne suka mayar da wannan sha'awa harkar uba da ɗa. Na farko shi ne yawancin jihohin Amurka suna ba da lasisin tuƙi ne a wajen shekara 16, kuma a ƙasar da motar haya ta yi ƙaranci a wajen manyan birane, mallakar mota ita ce alamar cewa yaro ya soma zama mutum, don haka uba kan sayi tsohuwar mota tun yaron yana da shekara goma sha uku ko sha huɗu, da alkawarin cewa tasa ce in har ya yi guminta. Na biyu shi ne raguwar darussan sana'ar hannu a makarantun sakandare tun daga ƙarshen ƙarni na 20, yayin da aka karkata ga kwamfuta da shirin shiga jami'a, batun da Matthew Crawford ya yi nazari a kai a littafinsa Shop Class as Soulcraft na 2009. Uban da ya koyi kanikanci a gona ko a soja ko a makaranta ya waye gari ya ga babu ɗaya daga cikin waɗannan ƙofofi da ke buɗe wa ɗansa, kuma ya san cewa maganar da ake yi cewa barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe ba ta tabbata sai ɗan ya ga gudun da idonsa. Garejin gida shi ne wurin da ya rage.

Aikin kansa yakan soma ne da yaƙi da tsatsa, wadda ita ce babbar abokiyar gabar tsohon ƙarfe. A jihohin arewa masu dusar ƙanƙara ana zuba gishiri a kan titi da hunturu domin narkar da ƙanƙara, gishirin nan kuwa yana cin daɓen mota da kusurwoyin kai da gindin ƙofofi, shi ya sa motar da ta yi rayuwarta a busassun wurare irin su Arizona da yammacin Tekzas ta fi daraja ko da injinta ya mutu. Mai saye yakan kwanta a ƙarƙashinta da tocila yana soka sukundireba a jikin shasi, yana kuma manna maganaɗisu a jikin bodi domin gano inda aka cike rami da ƙullun gyaran bodi aka shafe da fenti, domin maganaɗisu ba ya kama wurin. Bayan an kawo ta gida sai a shiga kwancewa, kuma a nan ne ake ba yaro aikinsa na farko mai nauyi, wato sanya kowane noti da washa a cikin 'yar leda, ya rubuta inda aka ciro su, ya kuma ɗauki hoto kafin a taɓa komai, saboda abin da aka kwance bana mai yiwuwa sai baɗi waccan za a mayar da shi. Notin da ya shekara hamsin a ɗaure ba ya kwantuwa da ƙarfi kawai, sai an jiƙa shi da mai an bar shi ya kwana, wani lokaci sai an gasa shi da wuta, kuma yaron da ya yi gaggawa ya karya shi zai shafe yammacin ranar yana haƙo guntun da ya maƙale.

Daga nan sai a kankare shasi da feshin yashi har ƙarfe ya fito fari, a yanke ruɓaɓɓun wurare a yi waldar sabon falle a hankali, ɗigo bayan ɗigo, domin zafi mai yawa yana lanƙwasa siririn ƙarfe. Inji kuma a kwance shi gaba ɗaya, a kai gangar jikinsa wurin masu injin gyaran ƙarfe su faɗaɗa silinda kaɗan su goge ta, a sa sababbin fistin da ringi da metal, a ɗaure kan inji bisa tsarin da littafin kamfani ya tanada da sifana mai auna ƙarfin ɗauri. Da yawa daga cikin tsofaffin akori-kura, musamman na Chevrolet, daɓen bodinsu na katako ne da aka jera tsakanin sandunan ƙarfe, don haka aikin ya haɗa har da kafinta da shafa man katako. Akwai kuma matsalolin da zamani ya kawo: an ƙera tsofaffin injuna ne domin fetur mai dalma, wanda aka haramta sayar da shi ga motocin titi daga farkon 1996, saboda haka sau da yawa akan sa wa bawul mazauni mai tauri, sannan fetur na yanzu da ake gauraya da sinadarin etanol yana cin tsofaffin robobin layin mai, dole a canza su. Ranar da aka fara tayar da injin da aka sake ɗaurawa ita ce babbar rana a wannan al'ada, kuma bisa yadda aka saba yaron ne ke zama a bayan sitiyari ya murɗa makulli, uban yana tsaye a gefen inji yana sauraro, idonsa a kan ma'aunin ƙarfin baƙin mai.

Masu wannan sha'awa sun daɗe suna saɓani a kan inda ya kamata aikin ya dosa. Wasu sun tsaya a kan cewa a mayar da komai yadda yake a asali, har launin fenti da irin noti, kuma su ne ke cin kyauta a wuraren baje koli. Wasu suna barin siffar waje yadda take su sa injin zamani da giya da birki na zamani a ciki, hanyar da ta samo tushe daga al'adar ƙara wa mota gudu da ta bunƙasa a Kaliforniya bayan yaƙi, wadda mujallar Hot Rod ta yaɗa tun 1948. Wasu kuma a 'yan shekarun nan sun fi son a bar tsohon fentin da rana ta ƙona da sunan gonar da ya dushe a jikin ƙofa, a gyara abin da ke ciki kawai. Idan dai matashi ne zai tuƙa motar, hujjar masu tsayawa a kan asali tana da rauni ƙwarai, domin yawancin motocin shekarun 1950 ba su zo da bel ɗin kujera ba, birkinsu na layi ɗaya ne, wanda in ya tsiyaye a wuri guda ƙafafu huɗun duka sun rasa birki, kuma akori-kurar Chevrolet tana ɗauke da tankin mai a cikin kai, a bayan kujerar direba, har zuwa 1972. Uban da ya sa bel da birki mai layi biyu ya kuma mayar da tanki ƙarƙashin bodi ya yi abin da ya dace, ko da alƙalan baje koli za su rage masa maki.

Gaskiya ta wajabta a faɗi cewa ba kowane aiki ke kaiwa ga ƙarshe ba. Kuɗin da ake kashewa yakan zarce abin da motar za ta yi a kasuwa, yaro yakan girma ya tafi jami'a ko soja kafin a kai ga fenti, kuma shafukan talla cike suke da motocin da aka kwance aka kasa ɗaurawa, ana sayar da su da sassansu a cikin kwalaye. Wani lokaci burin na uban ne shi kaɗai, ɗan kuwa an jawo shi ne ba da son ransa ba, irin wannan kuma ba ya haifar da komai sai ɓacin rai. Haka nan sunan da al'adar ta yi na uba da ɗa ya ɓoye 'ya'ya mata da iyaye mata da kakanni masu yawa da suka yi irin wannan aiki, a ƙasar da mata suka yi walda da haɗa injuna a masana'antu lokacin yaƙi.

Barazanar da ta fi girma ta fito ne daga sauyin da mota kanta ta yi. Dokar tsabtace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, wanda alheri ne ga lafiyar jama'a, kuma daga nan kwantak ya ba da wuri ga wutar lantarki mai sarrafa kanta a tsakiyar shekarun 1970, kafireto ya ɓace daga yawancin akori-kura a ƙarshen shekarun 1980 aka koma feshin mai da kwamfuta ke lura da shi, sannan daga 1996 aka wajabta wa kowace sabuwar mota tsarin OBD-II, wato kafar da ake jona na'ura domin karanta laifin inji. Wannan tsari a karan kansa ya sauƙaƙa wasu gyare-gyare, amma motocin da suka biyo baya suna ɗauke da kwamfutoci masu yawa da manhajar da kamfani ke riƙe da makullinta, abin da ya jawo fafutukar neman 'yancin gyara, har jihar Massachusetts ta kafa doka a 2012 da ta tilasta wa kamfanoni bai wa kanikawa masu zaman kansu bayanan gyara, masu zaɓe suka kuma faɗaɗa ta a 2020. A ɗaya gefen kuma, gwanjon talabijin da na intanet sun ɗaga farashin F-100 da C10 har sun soma fin ƙarfin irin gidajen da suka raya al'adar tun farko, shi ya sa iyalai da yawa suka koma kan ƙirar Chevrolet ta 1973 zuwa 1987 da motocin shekarun 1990, waɗanda su ma yanzu sun haura shekara 25 da ƙungiyar Antique Automobile Club of America ta gindaya kafin ta karɓi mota a matsayin ta tarihi. Bidiyon koyarwa na YouTube ya buɗe ƙofar ga iyayen da su kansu ba su gaji kanikanci ba, ta yadda a yau akan sami uba da ɗa suna koyo tare daga farko. Ɗorewar al'adar nan gaba ta rataya ne a kan ko doka za ta tabbatar wa mai mota ikon buɗe manhajar motarsa, domin akori-kurar da aka ƙera bana, in har kwamfutarta ta mutu bayan shekara arba'in kuma kamfani ya riƙe makullin, babu uba da ɗan da za su iya tayar da ita a garejin gida.